Wane suna za mu ba "worksheet" na Maple da Hausa?

Malamin Lissafi, Dundaye: Salamu alaikum. Muna rubuta ƙa'idojin taskar da za mu riƙa zuba ayyukan lissafi na kwamfuta, don ɗalibi a Sakkwato ya ɗauki aikin da wani ya yi, ya ɗora a kai. Da Hausa muke son ƙa'idojin, sai kalma ɗaya ta tsaya mana: abin da manhajar lissafi ta Maple ke kira worksheet, takwarorinta Mathematica da Jupyter kuma suke kira notebook. Ga wanda bai taɓa buɗe shi ba, fayil ne guda mai ɗauke da bayanin marubuci, da umarnin da ya ba na'ura, da amsar da na'ura ta mayar, ko lamba ko zane. Ka sauya lamba ɗaya a sama, ka sake gudanar da shi, amsoshin ƙasa su sauya. Na Maple yana ƙarewa da .mw, na Mathematica .nb, na Jupyter .ipynb. A daftari "takardar aiki" na sa. Me kuka gani?

'Yar Mabera: Wa alaikumus salam, Malam. A kunnen mutane takardar aiki ita ce wadda ake ba wanda aka ɗauka aiki. Kuma takarda ba ta amsawa, wannan kuwa yana amsawa. Me zai hana kundi?

Ɗan Runjin Sambo: Kundi ya riga ya zauna a kan kundin digiri, abin da aka kammala aka ɗinke. Sannan masu manhajojin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Maple, wadda aka fara a Jami'ar Waterloo ta Kanada a 1980, ta ɗauki suna ɗaya. Mathematica ta fito a 1988 da wani, Jupyter ya bi sahunta a 2014. Babu dalilin da zai sa mu ɗaure kanmu da fassarar ɗayansu. Mu dubi abin da fayil ɗin yake yi.

Dattijon Kanwuri: Ɗiyana, abin ga da kunka bayyana ai allo na. Almajiri shi rubuta, shi kai ma malam, malam shi biya mashi tun daga sama har ƙasa. In an ga gyara a gyara, a wanke, a sake rubutu. Ku ce allon lissafi.

'Yar Mabera: Baba, kalmar ta yi daɗi, amma allo wanke shi ake yi, taska kuwa don ajiya aka yi ta. Ta yaya za a ajiye abin da ake wankewa?

Malamin Lissafi, Dundaye: Malama, tambayarki ce ta sa na karkata ga maganar Baba, domin wankin shi ne ƙa'ida mafi girma a duk abin da muke rubutawa. Ga yadda aiki yake lalacewa. Mutum ya rubuta a := 5 a Maple, wato ya ba harafin a ƙimar biyar, ya yi ta lissafi da ita, daga baya ya goge layin. Layin ya ɓace daga ido, amma manhajar tana riƙe da biyar ɗin a ƙwaƙwalwarta, don haka a kwamfutarsa komai yana tafiya daidai. Ranar da wata ɗaliba ta sauke fayil ɗin ta buɗe a tata, harafin a ba shi da ƙima, amsoshi su hargitse, ita kuma ta ɗauka kanta ne bai ja ba. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai, domin irinsa ne ke korar yara daga lissafi. Maganinsa shi ne layin farko ya zama restart, umarnin da ke share ƙwaƙwalwar manhaja, sannan a gudanar da fayil ɗin gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe kafin a miƙa. A Jupyter ma haka ne, a sake tada injinsa a gudanar da kowane gurbi, wato akwatin umarni, bi da bi. Da Hausa sai mu ce a wanke allo, a biya shi. Abin da taska ke ajiyewa shi ne umarni da bayani. Amsa kuwa duk wanda ya biya allon za ta fito masa. Idan ma zane-zane sun yi wa fayil nauyi, gara a share amsoshin kafin a tura, don data ba kyauta ba ce ga ɗalibi.

Ɗan Runjin Sambo: Na yarda, sai dai wasu suna kiran fuskar kwamfuta allo, ga kuma allon aji. Excel ma yana da nasa worksheet.

Dattijon Kanwuri: Ku riƙa faɗin sunan cikakke, kar ku yanke shi. Fuskar kwamfuta ta tsaya da sunanta.

'Yar Mabera: Na Excel kuma jadawali ne, layi da ginshiƙi. To na janye kundi. Allon lissafi, jam'i allunan lissafi.

Malamin Lissafi, Dundaye: Madalla, Allah ya ƙara girma, Baba. Ga yadda sakin layin farko zai kasance, a duba mini:

"Kowane allon lissafi ya fara da take, da sunan mai shi, da kwanan wata, da sunan manhaja da lambar fitowarta, domin umarnin da ya yi aiki a sabuwar Maple yana iya ƙi a tsohuwa. A wanke allo a layin farko, a biya shi har ƙarshe ba tare da kuskure ba. Kowane umarni mai wuya ya samu bayani a samansa. Kada allo ya dogara da wani fayil da ke kwamfutar mai shi ko filashinsa kaɗai. In yana buƙatar bayanai, a haɗo su tare."

Ɗan Runjin Sambo: Malam, a ƙara cewa sunan fayil kada ya ɗauki tazara ko haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ, don wasu na'urori suna ɓata su wurin turawa. A cikin allon kuwa a rubuta Hausa da ƙa'idarta.

Malamin Lissafi, Dundaye: An ƙara. Saura kalmar gurbi da na yi amfani da ita ɗazu, ga akwatin da ake rubuta umarni a ciki. Wanda yake da wadda ta fi ta, ya kawo kafin Juma'a.