Gwangwanayen fim na kawuna masu tambarin BBC: in sayar wa masu ƙarfe ko in ajiye?

Sanusi, Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Kawuna ya rasu bayan ƙaramar salla. A ƙuruciyarsa majigi yake nunawa, yana yawo da shi tsakanin Yola da Garwa da ƙauyukan bakin Binuwai, daga baya ya koma gyaran rediyo. Da muka buɗe ɗakin shirginsa domin rabon gado, sai ga gwangwanayen fim jibge a cikin wata tsohuwar adaka. Galibi na Indiya ne da na koyar da noman auduga. Amma uku takardar jikinsu da Ingilishi aka rubuta, ɗaya ma akwai tambarin BBC, sai dai gara ta cinye daidai wurin sunan shirin. Na warware kamar kamu biyu na ɗaga wa hasken taga. Baƙi da fari ne: wani Bature riƙe da gita, mai ganga a bayansa, matasa a tsaye sun kewaye su. Gwangwani ɗaya kuwa ina buɗewa wani wari mai tsami ya buge ni, har idona ya kawo ruwa.

Masu sayen ƙarfe sun riga sun yi tayi, Inna kuma ta ce a fitar mata da tarkacen nan daga gida. Wani abokina ya ce mutanen Ingila na neman tsofaffin shirye-shiryensu na waƙa ruwa a jallo, wai sun ɓace musu. Da gaske ne? In haka ne, ta ina zan gane ko nawa na cikin waɗanda ake nema? Akwai wani mai majigi a Ngaundere da ya ce in kawo ya kunna mu gani.

Malam Bello, Ngaundere

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta.

Ɗana, kafin komai, kada ka yarda a ɗora fim ɗin nan a kan majigi, ko na wane ne. Na yi shekaru ina aikin na'ura a gidan rediyo, na ga yadda ake kashe tsohon abu da sunan gwaji. Fim in ya tsufa takurewa yake yi, 'yan hujojin gefensa ba za su ƙara dacewa da haƙoran injin ba, sai ya yage su ɗaya bayan ɗaya kana ji kana gani. Wancan mai warin tsami kuma ya fara ruɓewa ke nan, irin warin ruwan kal ne. Raba shi da sauran yau ɗin nan, domin tururinsa na hanzarta lalacewar na kusa da shi. Ka nemi wuri mafi sanyi da bushewa a gidan, ban da ƙarƙashin rufin kwano. Zafin Garwa na Maris da Afrilu ba ya barin irin wannan kaya.

Abokinka bai yi ƙarya ba, amma ba ɓacewa suka yi ba, da hannunsu suka goge. A shekarun 1960 kaset ɗin bidiyo mai faɗin inci 2 ake ɗaukar shiri da shi, tsada gare shi ainun, saboda haka in an nuna shiri sai a goge a ɗora wani a kai. Ga kuma ƙungiyoyin 'yan wasa da na makaɗa da suka taƙaita maimaita shiri ba tare da sabon biya ba. Da tashoshin talabijin na BBC1 da ITV suka koma mai launi a Nuwamban 1969, sai aka ɗauka baƙi da fari ya gama yayi. Waƙar matasa kuwa wa ya ɗauke ta abin ajiya? Sai 1978 BBC ta kafa tsarin adana shirye-shiryenta na talabijin sosai, lokacin ɓarna ta riga ta auku.

Ɗauki Top of the Pops, shirin waƙoƙi na BBC, wanda aka fara ran 1 ga Janairun 1964 a wata tsohuwar coci da aka mayar ɗakin shiri a Manchesta, aka yi ta yi mako-mako har 2006. Cikin shirye-shirye 500 na farko, kimanin 20 ne suka rage cikakku. Juke Box Jury, wani shirin waƙan na 1959 zuwa 1967, biyu suka tsira. Ready Steady Go! na ITV, 1963 zuwa 1966, shi ma ɗan kaɗan ya rage.

Abin da ya shafe mu shi ne, kafin a goge wasu, ana kwafarsu a fim mai milimita 16 a sayar wa tashoshin ƙasashen waje. Tasha ta nuna ta miƙa wa ta gaba, ta ƙarshe kuma ta mayar ko ta lalata. Ba kowa ya bi umarnin ba. A 2013 aka sanar cewa wani Bature mai suna Philip Morris ya gano kashi 9 na wasan kwaikwayon BBC mai suna Doctor Who da suka ɓace a wata tashar talabijin a Jos. Shi ne kuma ya samo shirye-shirye biyu na 1968 na 'yan barkwancin nan Morecambe da Wise a wani kangon silima a Saliyo, aka nuna su a 2018. Kawunka da ke shiga Yola, ba abin mamaki ba ne wani abu ya faɗo hannunsa.

Hadiza, Marwa

Baba Bello ya yi bayani, amma bari in ɗan rage wa Sanusi zumuɗi kada ya fara lissafin sayen fili.

Ka lura, galibin abin da aka tsinta a Afirka wasan kwaikwayo ne da barkwanci. Na waƙa da suka dawo, daga wasu hannuwa suka fito. Fitowar mawaƙi David Bowie a Top of the Pops ta Janairun 1973 an fid da rai da ita, sai a 2011 ta ɓulla wurin mai ɗaukar hoton shirin, wanda ya riƙe kwafi domin ya yi aiki da wani gilashin kyamara na musamman a ranar. Mawaƙan Beatles sau ɗaya tak suka je shirin kai tsaye, ran 16 ga Yunin 1966, aka goge. A 2019 aka samu daƙiƙa 11 wurin wani mai tara kaya a Meziko, daga baya aka samu daƙiƙa 92 da wani ya ɗauka da ƙaramar kyamararsa ta gida yana nuna ta ga akwatin talabijin, babu ko sauti. A kan minti ɗaya da rabi jaridun Ingila suka yi ta kururuwa! Wasu gutsattsarin kuma a Jamus suka tsira, domin tashar ZDF ta riƙa saka su a shirinta na Disco. Su Jamusawa ma shirin waƙarsu na Bremen mai suna Beat-Club yana nan, shi ya sa in ka nemi mawaƙan Ingila na 1960 da wani abu a YouTube sau da yawa hoton Jamus kake gani.

Sannan mu nan talabijin sai 1985 ta zo Kamaru, Cadi kuma 1987, an daɗe da daina wancan ciniki. In fim ɗinka na BBC ne da gaske, ta Najeriya ya biyo. Ni dai na fi zaton labarai ne ko shirin ilimi da aka sa waƙa a tsakiya.

Ganewa ba wuya. Duba farkon naɗin, kafin hoto ya fara, yawanci akan rubuta suna ko lamba a wurin. Ɗauki hoton takardar da na 'yan hotunan farko da wayarka. Akwai ƙungiyar Kaleidoscope a Ingila, aikinsu ke nan, suna da kundi a intanet mai suna TV Brain da ke nuna wane shiri yana nan, wane ya ɓace. Cibiyar finafinai ta BFI kuma tun 1993 take taron Missing Believed Wiped, inda ake nuna abin da aka tsinto. Tura musu hotunan. Su daga fuskar mai gabatarwa ko adon ɗakin kawai suna iya faɗa maka shekara.

Abakar, Njamena

Duk kun kauce wa maganar. Nawa za su biya? In babu sefa a ciki, ai gara mai ƙarfe, shi ko ba komai hannu da hannu ne. Kuma ni abin da ke ba ni haushi, kaset-kaset na makaɗanmu na gurmi da garaya suna can ƙura na cin su a ɗakunan ajiya, ba wanda ya taɓa buɗe musu kundi.

Sanusi, Yelwa, Garwa

Na gode Baba, na gode Yaya Hadiza. Na raba mai warin, na sa shi a ɗakin ƙasa da ke can bayan gidanmu. Shi wannan ya manne wuri guda, ba ya warwaruwa. Shi ma in ajiye ko ya mutu? Tambayar Abakar kuma Inna ma ta yi ta.

Malam Bello, Ngaundere

Ajiye shi, kuma kada ka ɓamɓare. Akwai wani na Morecambe da Wise da aka samo a Najeriya ya narke ya dunƙule haka. A jami'ar Queen Mary ta Landan suka yanka shi gunduwa-gunduwa, suka ɗauki hoton cikinsa da na'urar hoton ƙashi, aka ciro hotunan ba tare da an warware shi ba.

Batun kuɗi, gaya wa Inna kada ta sa rai da yawa. Abin da aka saba shi ne masu shirin su ara, su kwafa, su mayar maka da kayanka. Gwangwanin naka ne, haƙƙin shirin nasu ne. Masu tara irin kayan nan su kan saya, amma sai an san mene ne a ciki, kuma wanda ya zo maka da tayi kafin a sani ya fi ka sanin abin da ya gani. Tunda kayan gado ne, ka sanar da sauran magada kafin ka aika wa kowa ko da gwangwani ɗaya. Hotuna kawai za ka tura yanzu. In ka ɗauka, sa hasken taga a bayan fim ɗin, ka riƙe shi ta gefe da hannu mai tsabta, kuma ka haɗa da gefen da babu hujoji, nan layin sauti yake.