Taƙaitawa: matsayin mata a finafinan Indiya na 'yan sanda da bincike

Jama'a, na bi duk abin da aka faɗa tun daga farko a muhawarar da aka yi kan wannan batu, ga abin da na tattaro:

1. Kusan kowa ya yarda an samu sauyi. Da can mace ko dai ita ce gawar da ake bincike a kanta, ko budurwar jarumi mai jiran a ceto ta, yanzu kuwa ita ke riƙe da binciken. An fi ambaton Kahaani (2012) inda Vidya Balan ke neman mijinta a Kolkata da ciki niƙi-niƙi, sai Mardaani (2014) na Rani Mukerji kan masu safarar yara mata.

2. Shawara ga mai zaɓen fim, a duba waye a bayan kyamara. Misali Talvar (2015) mace ce darakta, wato Meghna Gulzar.

3. A nan aka rabu sosai. Wasu sun ce nuna fyaɗe da duka ɓaro-ɓaro yana farkar da mutane, wasu suka ce wallahi cinikin hawayen mata ne kawai, kuma ni ma ina tare da na biyun, don Delhi Crime, fim mai dogon zango kan binciken wani fyaɗe a Delhi, ya taɓa zuciya ba tare da ya tsaya haska wulaƙancin ba.

4. Maganar ƙasƙantattun dangi wato Dalit. An yaba wa Article 15 (2019) amma da yawa sun yi ƙorafin jarumin ɗan babban dangi ne ya zo ceto, shi ya sa suka fi son Dahaad, inda 'yar sandar ita kanta ake nuna mata wariyar.

5. Kar a kalla da yara, ko da fassarar Hausa ce.