Gini ya kai linta, kuɗi sun kusa ƙarewa: in sallami maginin ko in ƙara masa?

Maman Hafsa, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Abin nan ya hana ni barci, shi ya sa na kawo shi gabanku, don na san a cikinku akwai waɗanda suka yi gini, akwai kuma waɗanda ginin ne abincinsu.

Atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia, nan Kumasi. Shekara 11 ina zubin susu, wato adashi, kafin na samu na sayi fili a bayan Kenyase. Bara bayan babbar Sallah muka fara aiki. Wanda na ba wa ɗan wan marigayi mijina ne, a gabana ya girma, Mma yake ce mini. A tsakar gidanmu muka yi magana, ƙanena yana zaune: ɗaki uku da falo, kicin, bayi biyu, daga harsashi har a buga kwano, kaya da kuɗin aiki duk a wuyansa, sidi 210,000. Ba mu rubuta komai ba. Na ba shi 90,000 kafin alƙalami, daga baya 40,000, sai kuma 35,000.

Yanzu gini ya kai linta, wato kankaren da ke saman ƙofofi da tagogi, ya tsaya. Mako biyu ba lebura ko ɗaya a wurin, an ce mini suna wani aiki a Mamponteng. Da na kira shi, sai ya ce ban da 45,000 da suka rage, sai na ƙara 70,000 kafin a kai kwano, wai kaya sun tashi kuma na sauya zane. Gaskiya na sauya. Na ga bayin ɗakina yana kallon alƙibla, na sa aka rushe jeri uku na bulo aka juya shi. Na ƙara wa falo ƙafa huɗu, na kuma ce a fitar mini da shago a gaba. Duk sanda na faɗa, amsarsa ɗaya ce: "Ba komai, Mma."

Abin da ya fi tayar mini da hankali, ranar Lahadi na je na karci bangon shagon da makullina, sai ga yashi yana zuba kamar garin rogo. Ina so a rufe kafin ruwan Afrilu. In sallame shi in nemi wani, ko in ƙara masa?

Abu Borga

Hajiya, sallame shi yau, kada ki kai gobe. Shekara uku ina Italiya ina turo wa wani ɗan uwana kuɗi, yana turo mini hoton gida har da fenti. Da na sauka na tarar ciyawa ta fi ni tsawo a filin, hoton kuwa gidan maƙwabci ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya yanka farashi da bakinsa, ya ƙarasa ko ya dawo da kuɗi.

Baba Birkila, Sawaba

Abu, a yi a hankali. Labarinka daban, nata daban. Kai ba a yi maka komai ba, ita kuwa gininta yana tsaye har linta.

Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, shekarata 34 da cokalin gini a hannu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. "Ba komai" ɗin da yaron nan yake ce miki, kunya ce, ba farashi ba ne. Yaro ba zai iya kallon matar baffansa ya ce mata juya bayi kuɗi kaza ne ba. Amma shago ɗaki ne guda cur: haƙa, kankare, bulo, ginshiƙi, linta, gobe kuma katako da kwano. Ƙafa huɗun falo ma ba a bango kawai take tsayawa ba, tana bin rufi har sama, katakon da za a sayo a kasuwar katako ta Sokoban sai ya ƙara tsawo. Don haka ƙari dole akwai shi. Ko ya kai 70,000, wannan ne ban yarda ba sai an auna.

Inda ba zan kare shi ba shi ne bulo. Ni buhun siminti ɗaya mai kilo 50, bulo 25 zuwa 30 nake bugawa da shi, in sha musu ruwa safe da yamma har mako guda kafin su hau bango. Masu son banza suna fitar da 45, har 50, su shanya kwana biyu a hunturu su loda a mota. Ki koma wurin da wani namiji, ku ɗauki bulo daga ragowar da ke ƙasa, a ɗaga shi daidai ƙirji a sake shi a kan ƙasa mai tauri. Mai kyau zai tsaya, ko ya ɓantare a gefe. Na banza zai watse. Kuma kada ki tsaya a shago, ki bi kowane bango da makullin nan, musamman na ƙasa kusa da harsashi. Sau da yawa bulon farko yana da kyau, sai kuɗi sun fara ja baya ake koma wa mai araha.

Sallama kuwa, ki sani duk sabon maginin da zai zo, abu na farko da zai yi shi ne kushe aikin na baya, ya ce a rushe rabi. Mun san junanmu.

Rabi mai lissafin gini, Asokore Mampong

Mma, aikina ke nan, ƙididdige kayan gini da kuɗinsu, kuma na yarda da Baba: kafin ki yanke komai, a auna. Tambayar da ke gabanki ba "amintacce ne ko maci amana" ba ce. Tambayar ita ce, sidi 165,000 sun fita daga hannunki, nawa ne a cikinsu suke tsaye a Kenyase?

Ana iya ganewa, don bango ba ya ƙarya. Bulon da muke amfani da shi, mai tsawon inci 18 da tsayin inci 9, guda 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. A auna tsawo da tsayi, a cire ƙofofi da tagogi, adadin bulo ya fito. Daga nan a san simintin ɗori. Kankaren ginshiƙi da linta, ma'aunin da aka saba shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Rodi ma haka: mai milimita 12, in tsawonsa mita 12 ne, kusan 94 ke cika tan ɗaya, mai 16 kuwa kusan 53. Kan rodin ginshiƙai yana leƙe a sama yanzu, a sa ma'auni a gani, don a kasuwa akwai wanda bai cika 12 ba kuma ana sayar da shi da sunan 12. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya, kuma ladansa bai kai kuɗin tifar yashi biyu ba.

Batun tashin kaya kuma, a yi adalci. Duk wanda ya yi jingar dunƙule a 2022 ya sha wuya, don a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, 'yan kwangila da yawa sun gudu sun bar aiki. Tun daga lokacin kowa ya riƙe "kaya sun tashi" a baki. Amma wanda ya karɓi 90,000 a rana ɗaya ya kamata ya sayi rodi ya buga bulo tun a farashin ranar. Siminti ne kawai ba ya ajiyuwa, bayan kamar wata uku yana fara dunƙulewa, balle a laimar Kumasi. Ki nemi rasit. In ya ce ya ɓata, ki tambaye shi shagon da ya saya.

Kina da shaidar kuɗin da kika ba shi?

Maman Hafsa, Aboabo

Rabi, Allah ya yi miki albarka. Biyu na ƙarshe ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, na tura, saƙon yana wayata. Na farkon hannu da hannu ne, amma ƙanena shi ya ƙirga. Baba, na ji, kuma ban ji haushi ba. Ni dai da ya ce ba komai, na ɗauka ba komai ɗin ne.

Malam na Akwatia Line

Hajiya, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu, kuma ba ta ware dangi ba. Mu ne muka mai da takarda alamar rashin yarda. Abin da ya wuce ya wuce, amma sauran aikin kada a ɗora bulo ɗaya sai an rubuta. Shawarata kada maganar ta fara daga ofishin 'yan sanda. Mahaifinsa yana raye? A kira shi, da ƙanenki, da limamin unguwa. Yaron da zai yi miki gardama a waya ba zai yi a gaban ubansa ba. In hakan bai yi ba, akwai fadar Sarkin Zango. Marayunki da shi jini ɗaya ne, za su haɗu a suna da jana'iza har ƙarshen rayuwa.

Ɗan Tafo

Ni wani gefe zan taɓo. Shagon da kika ƙara yana cikin zanen da aka amince da shi? Kenyase a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Kwabre ta Gabas take, ofishinsu yana Mamponteng, su ke ba da izinin gini. In shagon ya shiga inda aka ware wa hanya, wata rana za ki tarar da jan fenti a bango an ce a dakata. Sannan takardar da sarkin gari ya ba ki ta rabon fili mataki na farko ce kawai. Sai an bi ta ofishin filaye na Otumfuo, Sarkin Ashanti, a Manhyia da Hukumar Filaye kafin ki riƙe takardar haya ta shekara 99. Kada a zuba dukiya a sama a bar ƙasa a sake.

Hajiya mai waake, Asawase

Ƙawata, ni na gina nawa a Parkoso, magini uku na gani kafin na koyi karatun. Raba kaya da hannu. Ke ki sayi kaya, shi ki biya shi jingar aikinsa, mataki mataki, kuma bayan ya gama matakin, ba kafin ba. Ranar da kuɗinki suka riga aikinsa gaba, ranar kika zama mai roƙo. Abin da ya kai leburorinsa Mamponteng ke nan: can ana bin sa aiki da kuɗi a hannu, nan kuwa ya riga ya cinye.

Sai dai kada a ruɗe ki, sayen kaya da kanki wahala ce. Ni sai da na koma ƙirga buhunan siminti da babu komai a ciki kowace yamma: na bayar da 20 da safe, a nuna mini 20 da yamma, cike ko wofi. Wata rana na tarar 17, aka ce iska ta kwashe uku. Na ce to iskar ta biya. Tun daga ranar iska ba ta sake tasowa ba. In ba za ki iya barin shago ba, ki sa yaro mai ido, amma kada ya zama abokin leburori.

Kuma ki daina sauya zane a tsaye a fili. In wani abu ya zo miki, ki tambayi kuɗinsa, a rubuta a WhatsApp, ki kwana a kai.

Abu Borga

Duk kun yi masa sauƙi. Mu gani.

Maman Hafsa, Aboabo

Jama'a, na dawo da bayani. Rabi ta haɗa ni da wani abokin aikinta, ranar Asabar muka je da shi da ƙanena. Tun ƙarfe takwas yake jan tef har azahar.

Ya ce aikin da ke ƙasa, har da shago da ƙarin falo da juya bayi, ya kai sidi 148,000. Sauye-sauyena, in aka bi su har rufi, 31,000 ne, ba 70,000 ba. Rodi ya cika, alhamdulillahi. Bulon gida ya jure faɗuwa, amma na shago uku muka saki, uku suka watse. Yaron ya ce bulo 4,200 ya saya, lissafi ya ba da 3,500 har da na ƙasa.

Daren Lahadi muka zauna a ɗakin babansa. Da aka karanta takardar, ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya ce 17,000 ɗin ya toshe wani rami da su a aikin Mamponteng, da niyyar mayarwa in an biya shi. Babansa ya so ya tashi masa, Liman ya zaunar da shi.

Abin da aka rubuta, muka sa hannu mu biyar: bangon shago zai sauke ya sake da kuɗinsa. Kayan rufi ni zan saya, ƙanena zai raka kafinta Sokoban. Kuɗin hannu kashi uku, kowanne bayan an duba aiki, a ciki za a riƙa cire 17,000 ɗin. Kashi 5 cikin ɗari zai zauna a hannun Liman har damina ta wuce mu ga ko rufi yana yoyo. Abu, ban sallame shi ba, ka yi haƙuri. Jiya da na biya da yamma na tarar sun sauke bangon shago har jeri na biyu.

Ɗan Tafo, maganarka ce ta rage. Shagon ba ya cikin zane. Ranar Talata zan je Mamponteng da takarduna. Wanda ya zana mini gidan tun farko ne zai gyara zanen, ko kowane mai zane zai iya?