Tambaya a kan Dilip Kumar: da gaske Yusuf ne sunansa na yanka?

Ɗan Gwaram ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Gardama ce ta tashi a ƙofar gidanmu bayan sallar isha'i, har aka watse ba a daidaita ba, shi ya sa na kawo ta gaban masana tsofaffin finafinan Indiya. Mahaifinmu ya yi shekaru yana zuwa cin rani birnin Kano tun yana saurayi, kuma shi da bakinsa yake cewa abin da ya rage masa bayan ya ware na gida a ƙofar silimar Plaza da El Dorado yake ƙarewa. Da ya ji ƙannena suna musu a kan wanda ya fi iya wasa cikin jaruman yanzu, sai ya ce duk yara ne a gaban Dilip Kumar, ya ƙara da cewa Musulmi ne, sunansa Yusuf, kuma ya auri yarinyar da suka fito tare a fim ɗin Mughal-e-Azam. Maƙwabcinmu ya ce babu yadda za a yi mai suna Kumar ya zama Musulmi. Ina neman gaskiyar magana, da dalilin sauya sunan in har an sauya, sannan ko ya bar 'ya'ya da suka gaje shi.

Tsohon Hedimasta, Ringim:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaida mahaifinka, ka gaya masa ya yi gaskiya a kan sunan. An haife shi ranar 11 ga Disamba, 1922, a Peshawar, garin da yanzu yake cikin Pakistan, aka raɗa masa suna Muhammad Yusuf Khan, kuma mahaifinsa fataucin 'ya'yan itatuwa yake yi. Iyalin sun koma Bombay, wato Mumbai ta yanzu, yana yaro. Devika Rani, wadda take riƙe da kamfanin Bombay Talkies a lokacin, ita ta ɗauke shi wasa, ita ce kuma ta kawo shawarar ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi, aka fara ganinsa a Jwar Bhata a 1944.

Game da dalili, shi da kansa ya faɗa a wata hira cewa tsoron mahaifinsa ne ya sa ya yarda, domin dattijon bai ɗauki wasan silima sana'ar ɗan mutunci ba, abin da duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wasu suna cewa rikicin addini ne ya tilasta masa, amma ni ban gamsu da wannan ba, saboda an sauya sunan shekara uku kafin a raba Indiya da Pakistan a 1947, kuma a wannan zamani mawaƙi Mohammed Rafi da makaɗi Naushad sun yi suna ba tare da sun ɓoye sunayensu ba. Abin da ba za a musa ba shi ne masu kamfani suna son suna gajere mai daɗin faɗa a bakin 'yan kallo, waɗanda yawancinsu Hindu ne. Meena Kumari ma Mahjabeen Bano ce a gidansu. Bai taɓa barin addininsa ba, kuma da ya rasu ranar 7 ga Yuli, 2021, yana da shekara 98, a maƙabartar Musulmi ta Juhu da ke Mumbai aka binne shi. Allah ya jiƙan Musulmi.

Hajiya daga Dambatta:

Malam ya gama da batun suna, ni kuma zan taɓa batun aure, domin a nan Baba ya ɗan sha'afa. Yarinyar da yake nufi Madhubala ce, ita ma Musulma, sunanta Mumtaz Jehan. Gaskiya ne sun so juna shekaru, amma ba a ɗaura ba. Abin ya lalace ne a kan fim ɗin Naya Daur na 1957, da mahaifinta ya hana ta tafiya wajen gari ɗaukar fim, mai fim ɗin ya kai ƙara kotu, Dilip Kumar kuma ya ba da shaidar da ba ta yi wa ɓangarenta daɗi ba. Daga nan ta auri mawaƙi Kishore Kumar a 1960, ciwon zuciya ya kwantar da ita, ta rasu a 1969 tana da shekara 36. Ban ga laifin Baba ba, don wanda ya kalli yadda suke duban juna a Mughal-e-Azam dole ya ɗauka ƙarshensu aure ne.

Matarsa ita ce Saira Banu, wadda ya aura a 1966 yana da shekara 43 ita kuma 22. Ya ƙara aure a 1981, amma wannan bai wuce shekara biyu ba. Allah bai ba shi haihuwa ba. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa ba wasan ba ne, zaman wannan mata ne da ta yi jinyarsa tsawon shekarun tsufansa har ranar da aka ɗauki gawarsa, bayan sun shekara hamsin da huɗu tare babu ɗa babu jika.

Mai tura finafinai, Kazaure:

Da izinin manya, ni ina ganin ana ɗan zuzuta maganar gado. Sana'ata kenan tura finafinai a waya ranar kasuwa, kuma tun da na fara babu yaro ɗaya da ya taɓa tsayawa ya tambaye ni fim ɗin Dilip Kumar. Abin da ake nema fassarar Hausa ce mai faɗa da tashin mota. Ko a zamanin iyayenmu, wanda aka yi wa laƙabi da Sarkin Ƙarfi ai Dharmendra ne, saboda 'yan kallonmu sun fi son mai duka a kan mai kuka. To ina gadon yake, Baba Hedimasta, in masu tasowa ba su ma san fuskarsa ba?

Tsohon Hedimasta, Ringim:

Tambayarka tana kan hanya, amma ka auna abin da mudun da ba nasa ba. Yaran da suke zuwa wurinka suna kallon Dilip Kumar kullum ba su sani ba, domin salon da jaruman da suke so suke bi daga wurinsa ya samo asali. Kafin shi, yawancin 'yan wasa daga dandamali suka fito, suna ɗaga murya da watsa hannu kamar masu shela a kasuwa. Shi ne ya sassauta murya, yakan yi shiru a tsakiyar magana har ɗan kallo ya matso da kunne, ya bar fuska ta ƙarasa abin da baki bai faɗa ba. Amitabh Bachchan, wanda ya fito a matsayin ɗansa a Shakti a 1982, da Shah Rukh Khan, duk sun sha bayyana shi a matsayin wanda suke koyi da shi. Shi ne na farko da ya karɓi kyautar Filmfare ta gwarzon ɗan wasa a 1954, ya kuma karɓe ta har sau takwas. Indiya ta ba shi kyautar Dadasaheb Phalke ta 1994, Pakistan ta ba shi Nishan-e-Imtiaz a 1998, alhali ƙasashen biyu ba sa ga maciji da juna.

Kuma ba mai kuka ba ne kawai. Yawan shiga halin baƙin ciki ya taɓa lafiyar tunaninsa har likita ya ba shi shawarar ya riƙa karɓar wasannin raha, ya kuwa yi su ya yi fice. In kana son abin da mutumin ƙauye zai ji a jikinsa, ka nemi Ganga Jamuna na 1961, wanda shi ya shirya da kuɗinsa, ya yi magana da karin harshen ƙauye, labarin manomin da zaluncin mai gona ya mayar ɗan fashi, ƙaninsa da ya sha wahalar karantarwa kuma ya zama ɗan sandan da zai kama shi. Ka gwada tura wa mutum biyar ranar kasuwa, ka dawo ka ba mu labari.

Ɗan Gwaram:

Na gode ƙwarai, Baba Hedimasta da Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na karanta wa mahaifinmu amsoshinku a gaban maƙwabcin namu, wanda ya ce ya janye maganarsa. Batun Madhubala ne Baba ya daɗe yana jinjinawa, ya yi shiru, can ya ce shekara kusan hamsin yana ɗauka sun yi aure. Malam na Kazaure, in ka samu Ganga Jamuna, ko da babu fassara, ka yi mini magana, domin ya ce idonsa ba zai gani sosai ba amma muryar yake so ya ƙara ji.