Waɗanda suka kalli kokawa a Borteyman, ku zo ku faɗi abin da idonku ya gani

Kocin Yara, Nima

Assalamu alaikum jama'ar zango. Ina neman waɗanda suka je kallon kokawa a Borteyman lokacin Wasannin Afirka da aka yi nan Akra a watan Maris na 2024, gab da kamawar azumi. Muna son zama da iyayen yara da manyan unguwa kan koya wa yara kokawa, amma duk wanda na tunkara sai ya ce wasan ƙauye ne, wai ko a Olamfik ma saura ƙiris a kore ta.

An so korar ta, wannan gaskiya ne. A Fabrairun 2013 kwamitin zartarwa na hukumar Olamfik ta duniya ya ba da shawarar a cire ta daga gasar 2020. Amma a Satumbar wannan shekarar, a taron Buenos Aires, aka kaɗa ƙuri'a: kokawa ta sami 49, besbol da softbol 24, sikwash 22. Mutanenmu sun riƙe farkon labarin, ƙarshensa bai iso kunnensu ba.

Ni matsayina a fili yake. Ninkaya sai da tafkin zamani, tseren keke sai da keken da kuɗinsa ya fi na babur, wasan doki kuwa ba a magana. Kokawa jikinka kawai take nema, da wanda zai tsaya a gabanka. In aka fitar da irin wannan wasa daga manyan gasanni, ɗan talaka aka fitar. Sai dai bakina ni kaɗai ba zai isa ba. Wanda ya je, ya ba mu labari, mai daɗi da marar daɗi.

Direba, Madina

Wa alaikumus salam Koci. Ni ban tashi da niyyar kallo ba. Wasu 'yan Najeriya mazauna Madina ne suka yi shatar trotro ɗina, da muka isa suka ce ba zan zauna a mota cikin rana ba, sai na shiga. Ranar kokawar mata ce.

Abin da talabijin ba ya kawo maka shi ne ƙara. Kana jin takalmi yana goge katifa, kana jin numfashinsu, kana jin tafin hannu in ya sauka a bayan wuya. Na ga Blessing Oborududu kusa da kusa. Ba doguwa ba ce can, amma in ta sunkuya ta kafa ƙafa, abokiyar karawarta ta yi ta turi ba ta gusa ba. Ita ce ta ciyo wa Najeriya azurfa a Tokiyo, lambar farko da ƙasar ta taɓa samu a kokawar Olamfik. Wannan a bakin fasinjojina na ji, don sun haddace tarihinta kaf.

Aji shida ake yi na mata, matan Najeriya suka kwashe zinariya shidan. A hanyar dawowa motata ba ta yi shiru ba har Madina, ana waƙa ana dukan jikin ƙofa. Wata dattijuwa a kujerar gaba tana ta share hawaye, ta ce garinsu ɗaya da ɗaya daga cikin yaran. Na daɗe ina ɗaukar 'yan kallon ƙwallo, ban taɓa ganin irin wannan kukan ba.

Baba Mai Albasa, Adjen Kotoku

Ɗana Koci, Allah ya yi maka albarka da ka tada wannan zance. Ni mutumin Galmi ne a ƙasar Tawa, albasa ce ta kawo ni Gana, kuma na yi kokowa da ƙuruciya bayan an gama girbi. Jikana ne ya kai ni Borteyman ranar maza.

Zan fara da abin da ya sosa mini rai. Babu ganga. Babu maroƙi, babu kirari. Ƙato zai shigo fili shiru, ba wanda ya faɗi sunan ubansa ko garinsu. Sannan a ɗaga mutum a maka da ƙasa, ya tashi ya kakkaɓe jiki a ci gaba, wai maki ake ƙirgawa. A wajenmu kaye ɗaya ne, in ka sha ƙasa sai baɗi.

Amma da na natsu sai na fara gane hannun. Wani yaro baƙi siriri ya yi kamar zai kama wuya, abokin ya ɗaga kai don ya kare, shi kuwa ya nutse ƙasa ya cafke ƙafar hagu, ya manna kunnensa a cinyar, ya tashi da ita yana juyawa. Wallahi wannan kamun ƙanen mahaifina ya koya mini a kan rairayi, har da cewa kada ka bar kanka ya rabu da cinyar, in ya rabu an gama da kai. Wa ya koya wa wannan yaron? Ga Bamisire yana yi, ga ɗan Senegal yana yi. Sana'a ɗaya ce, kowa da irin rigarsa.

A Nijar tun 1975 ake gasar Takobi, a Tawa aka fara. Jihohi takwas, kowace da 'yan kokowa goma. Lokacin ta kasuwa kan yi sanyi, kowa yana jikin rediyo. Mun ga zamanin Kantu na Maraɗi da Salma Ɗan Rani, daga baya ga Issaka Issaka na Doso. Wasan da ke tsayar da ƙasa guda cak, a ce ba shi da wurin zama a taron duniya? Ni ƙorafina ma shi ne tamu ta rairayi ba a shigar da ita ba. Kuma ɗana, kada ka tsaya jiran katifa. Ka sami tifa ɗaya ta yashi ka fara.

Kocin Yara, Nima

Baba, na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Akwai labarin da zai yi maka daɗi. Gasar Olamfik ta matasa da aka tsara yi a Dakar a 2026, wadda ita ce ta farko a nahiyar Afirka, akwai kokawar bakin teku a cikinta. A kan yashi ake yi, a tsaye, cikin da'ira, wanda ya fara cin maki uku ya yi nasara. Ba tamu ba ce sak, amma yaron da ya tashi a filin gargajiya ba zai yi baƙunta a cikinta ba.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Ku yi haƙuri iyayena da yayyena, ni tawa daban ce. Na zo Akra wajen yayana a makon, muka je tare. Na fito ban fahimci rabin abin da aka yi ba. Mutum biyu sun riƙe juna suna ta turereniya, sai alƙali ya hura usur ya kwantar da ɗaya rub da ciki ya ce ɗayan ya hau. Me ya yi? Ba wanda ya gaya mana. Koci ya jefa wani abu cikin fili, aka tsayar da wasa ana kallon allo. Samarin da ke bayana sun zaci resilin na talabijin za su gani, da tsalle daga kan igiya, suka tashi tun ba a yi nisa ba.

Ban raina ƙarfin mutanen ba. Amma ƙwallo ko kakata ta san in ta shiga raga an ci. Wasan da ɗan kallo bai gane ba, wa zai sayi tikitinsa, wane kamfani zai zuba masa kuɗi? Ina ganin abin da ya sa aka so cire ta ke nan.

'Yar Sa Kai, Legon

Yaya na Aboabo, maganarka tana kan hanya, kuma masu kokawar sun ji ta tun 2013. Shugaban hukumarsu ta duniya ya sauka a lokacin, Nenad Lalović na Sabiya ya hau, aka sauya dokoki, a 2014 har suna aka sauya zuwa United World Wrestling. Yanzu zagaye biyu ne, kowanne minti uku, maki kuma tarawa ake yi har ƙarshe. Ka kai mutum ƙasa ka hau bayansa, maki biyu. Ka tura shi wajen da'ira, ɗaya. Jifa mai kyau daga tsaye, huɗu ko biyar. Ka danne kafaɗunsa biyu a katifa, wasa ya ƙare nan take. Wadda ka gani ita ce Girko-Roman, ba a kama ƙasa da ƙugu, kuma wanda aka kwantar hukunci ne don ya ƙi kai hari. Abin da koci ya jefa kuwa ƙorafi ne, yana neman a duba bidiyo. Da an sami mai bayani da Hausa ko Twi a lasifika, da samarin nan ba su tashi ba.

Ni ina cikin ɗaliban da suka yi aikin sa kai, don haka na ga bayan fage. Da sassafe ake awon nauyi. Za ka ga mutum leɓɓansa sun bushe, ya ƙi ko kurɓar ruwa, yana sauka daga sikeli sai ya rungumi gora. Kunnuwan da yawansu sun kumbura sun murɗe saboda gugar shekaru. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kayansu: jaka ɗaya, riga ja, riga shuɗiya, takalmi, tawul. Shi ke nan. Na ga 'yan ƙasashe biyu da ba sa jin yaren juna suna ɗumama jiki tare, saboda kowannensu ba shi da abokin atisaye mai nauyinsa.

Ku dubi Gini Bisau. Ƙasa ce ƙarama, 'yan wasan da take kai wa Olamfik ba su da yawa, amma ɗan kokawarta Augusto Midana ya je sau huɗu, daga Beijin 2008 har Tokiyo. A Landan 2012 ƙasashe 29 ne suka sami lamba a kokawa. Wasanni nawa ne ke raba lambobi haka?

Malamin Makaranta, Sabon Zango

Ni ɗalibaina manya na raka. Kafin mu tafi wani uba ya tambaye ni ko ya halatta, na ce masa ya zo a littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana, wanda ya shahara da ƙarfi a Makka, kuma ya kayar da shi. Abin da na gani a wurin ya ƙara mini natsuwa. Ba naushi, ba zagi. Ana gamawa alƙali ya riƙe hannayensu, su gaisa, kowa ya je ya gaida kocin abokin karawarsa. Ladabin nan nake so yaranmu su gani.

Girkawa sun sa ta cikin wasanninsu tun shekara 708 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tana cikin Olamfik ta farko ta zamani a 1896. Da aka so cire ta, Iran da Rasha, waɗanda ba sa ga maciji da Amurka, suka haɗu da ita a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York a watan Mayun 2013, suka yi kokawa don kare ta. Abu ɗaya da ban ji daɗinsa ba shi ne ɗamewar rigar, ga maza da mata duka.

Maman Hauwa, Fadama

Malam, ka taɓo inda ke mini ciwo. Na je da 'yata ranar da Direba ya faɗa. Yarinya ce mai ƙarfi, ita ke sauke mini tukunyar waakye daga murhu tun tana ƙarama. Tunda muka dawo ba ta da zance sai kokawa. Ta je ta binciko cewa wadda ta doke Blessing a wasan ƙarshe na Tokiyo, Tamyra Mensah-Stock, mahaifinta ɗan Gana ne, amma Amurka ta ciyo wa zinariyar. Ta ce, Mama, jininmu ne fa, don dai can aka koya mata. Na rasa amsar da zan ba ta.

A wurin na ga abin da ban zata ba. Wata yarinya ta sha kaye, ta fito tana kuka, wadda ta kayar da ita ta bi ta har bakin ƙofa ta rungume ta tana yi mata magana a kunne. Na ce a raina waɗannan 'ya'yan mutunci ne.

Ina son a bar kokawa a manyan gasanni, kuma ina son a bar mata a ciki, tunda sai 2004 aka buɗe musu ƙofar Olamfik. Amma babanta ba zai yarda ta fita gaban jama'a da wannan rigar ba, ni ma ba zan yarda ba. Koci, in kun fara, akwai mace mai koyarwa? Kuma za a bar ta ta sa dogon wando da abin rufe kai?

'Yar Sa Kai, Legon

Mama, a wajen atisaye ba mai hana ta, ko manyan 'yan wasa da wando da riga suke yi. Akwai kuma kokawar ɗamara da ake kira Alysh, tana ƙarƙashin hukumar duniyar, da dogon wando da riga ake yin ta, matan Iran suna shiga da lulluɓinsu. Ba ta cikin Olamfik dai tukuna.

Mahauci, Ashaiman

Salamu alaikum. Ni ranar maza na je, kuma abin da ya kama hankalina shi ne aji-aji na nauyi. A kokawar da ake kama ƙafa, daga kilo 57 ake farawa har 125. Ƙaramin mutum yana da zinariyarsa daidai da ta ƙato, ba a ce masa je ka girma tukuna. A wasannin nan dai kokawar hannu kaɗai ta kawo wa Gana lambobi 41, fiye da rabin abin da ƙasar ta samu. Wannan hannu ne kawai a kan tebur. To ina ga an koya wa yaranmu ta jiki duka? Lambobinmu na Olamfik biyar ne, huɗu daga dambe, saboda an sami unguwa irin Bukom da ta riƙe abin da gaske.

A kasuwar shanu ta Tulaku akwai yara 'yan arewa, daga Bolga da Navrongo da Tumu, can ma kokawa gado ce. Su ne ke kayar mana da bijimi in za a ɗaure. Da yamma in ciniki ya lafa sukan share wuri a bayan turke su kama juna. Akwai wani ɗan siriri a cikinsu, masu ƙwallo sun ce ya yi ƙanƙanta, amma na ga ya taɗe wanda ya kusa ninka shi. Na ɗora shi a sikelin nama, kilo 59. Koci, wane aji ke nan zai shiga, kuma daga shekara nawa kuke karɓa?