Jakin piezo na jitar lantarki: wanne ya dace in saya?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum. Ina da jitar lantarki samfurin Stratocaster, ƙirar Sin, da ita nake wasan biki a nan Damagaram. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa ya yi tsatsa, kusoshinsa biyu ma sun cije. Tunda canji ya zama dole, ina son mai piezo, wato ɗan abin da ke ɗaukar sauti daga jakin kansa, don in riƙa samun muryar jitar akwati ba sai na ɗauko jita biyu bisa kabu-kabu ba. Uku na gani a intanet: Fishman Powerbridge, X-Bridge na L.R. Baggs, da Ghost na Graph Tech. Wa ya taɓa aiki da ɗaya cikinsu?

Mai Gyara Birni:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Aje maganar suna tukuna, ɗauko abin awo. Auna daga tsirkiya mai kauri zuwa siririyar, daidai inda suka kwanta bisa jakin. Tsohon awon Fender wajen milimita 56 ne, yawancin na Asiya kuwa 52 da rabi. In ka ɗora mai faɗi a jitar da aka yi wa matsattse, tsirkiyoyin gefe za su riƙa zamewa daga wuya. Duba kuma ko kusoshi shida ke riƙe da naka ko ginshiƙi biyu.

Fishman da Baggs jaki sukutum za su aiko maka, in ramukan ba su zo daidai ba sai an toshe an sake huda katako. Ghost kuwa ana sayar da 'yan guntayen nan shida da tsirkiyoyi ke kwanciya bisansu kaɗai, ka kwance tsofaffin ka ɗaura su bisa farantinka. Ba ƙarfe ba ne, gumin watan Afrilu ba ya sa su tsatsa. Aikinsu dai shi ne wayoyi shida sirara kamar zare, sai an nema musu hanya zuwa cikin jitar ba tare da sun maƙale ba. Ni Ghost zan ce, muddin farantin naka na da sauran rai.

Baban Sono:
Malam Mai Gyara ya yi gaskiya kan awo, amma ni ban son Ghost. A kunnena yana rage kaifin muryar nan ta lantarki, wadda ita ce ke tada 'yan rawa. Mai ƙarfe na fi so.

Abin da ya fi duk wannan: kar ka saya ba tare da ɗan amfilin da ake sa wa cikin jitar ba. Piezo matsin tsirkiya yake ji, ba maganaɗisu gare shi ba, kuma in ka bi da shi ta doguwar waya haka tsirara, sautin ya kan shaƙe. Na Fishman sunansa Powerchip, na Ghost Acousti-Phonic, duka da pil, wato batir, mai bolt 9 suke aiki. Ka riƙa zare waya in an tashi, in ba haka ba pil na ci har cikin dare. Kuma muryar piezo a kai ta sono, wato na'urar lasifikokin biki, kai tsaye, amfilin jita yana ƙwanƙwame ta.

Ɗan Zango:
Na gode, yayyena. Na auna, 52 da rabi ne, kusoshi shida, farantin ma ya goge tas da na sa masa mai. Malam Mai Gyara, pil ɗin fa ina za shi zauna? Ban son a sassaƙe mini jita.

Mai Gyara Birni:
Buɗe murfin baya, wajen sifirin. Wani lokaci yana shiga nan, in babu wuri sai ƙarƙashin farantin roba na gaba. Kawo ta in gani kafin ka tura kuɗi.