Abin da aka tattauna kan amsa wa masu adawa da bangaskiyarmu

Ga abin da na tattara:

1. Kusan kowa ya yarda a fara saurara. A tambayi mutum me ya kai shi ga ra'ayinsa. Sau da yawa ɓacin ran da wani mai bi ya jawo masa ne ke magana. Wanda ya katse shi da aya, ya toshe masa kunne.
2. A amsa a taƙaice, cikin tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15).
3. Ban da gardama a bainar jama'a, kunya na ƙara taurin kai.

An rabu kan abin yi idan zagi ya shigo. Wasu sun ce a janye, a riƙa yi masa addu'a (Matiyu 5:44). Wasu kuwa sun ce a bar muhawarar, amma gaisuwa da taimako su ci gaba. Na fi karkata ga na biyun.